Wasiƙun Amurka: takardun da 'yan Norwe suka ajiye na kakanninsu

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a zaure. Gaisuwar farko ba ta fito ba saboda lasifika ta yi gardama.)

…to, yanzu ana ji na? Na baya, kuna ji? Madalla. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ɗalibai, assalamu alaikum kuma, tun da ta farkon iska ta tafi da ita.

Da aka liƙa sanarwar laccar nan wani abokina ya kira ni a waya, ya ce, "Malam, duk ƙasashen duniya ka rasa wadda za ka ɗauko sai Norwe? Mu ban da kifin nan busasshe da ake kawowa kasuwa me muka sani nasu?" (dariya) Na ce masa ka zo ka ji. Ban ga ya zo ba, amma za a kai masa faifan.

Abubuwa biyar na shirya. Dalilin tafiyarsu, wuraren da aka ajiye takardunsu, wasiƙu, jaridu da harshe, sai matsalar sunaye. Shugaba ya ba ni minti arba'in. Za mu gani.

Na ɗaya. A watan Yulin 1825 wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, sunansa Restauration, ya tashi daga garin Stavanger da mutum 52. Ya isa New York ranar 9 ga Oktoba da mutum 53, don an haifi yarinya a tsakiyar teku. Jirgin ya yi wa mutanen kaɗan ƙwarai, har hukumar tashar New York ta kama shi don ya keta dokar yawan fasinja, aka ci su tara, sai da shugaban Amurka na lokacin, John Quincy Adams, ya yafe musu. Wato lodin wuce kima ba a tashar Kano aka fara shi ba. (dariya) Yawancinsu mutane ne da ba su jituwa da cocin gwamnati, kuma wani mai suna Cleng Peerson ya riga su zuwa ya duba musu wuri.

Daga wannan jirgi zuwa shekara ɗari bayansa, mutum wajen 800,000 suka bar Norwe zuwa Amurka ta Arewa. In aka auna da yawan jama'ar ƙasa, Ailan kaɗai ta fi su zubar da mutane. Me ya kore su? Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Ƙasar duwatsu ce, abin da ake iya nomawa bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Jama'a kuma ta ninka: a ƙidayar 1801 ba su kai miliyan ɗaya ba, a 1865 sun kai kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Dankali ya shigo, allurar agana ta shigo, yara sun daina mutuwa kamar da. Sannan al'adar gadonsu babban ɗa ke riƙe gona, ba a raba ta. Ƙannensa fa? Ko su zama 'yan ƙodago a gonar wani, ko su nemi hanya. Sai ga Amurka a 1862 ta yi dokar ba da fili, eka 160 ga wanda zai zauna ya noma shekara biyar. Kai ne ƙanin, me za ka yi?

Na biyu, ma'adanai. Zan bi su da sauri don ba nan zuciyata take ba.

A 1925 aka yi bikin cika shekara ɗari da zuwan jirgin nan a Minnesota, har shugaba Coolidge ya halarta. A cikin shekarar, a kwalejin St. Olaf da ke garin Northfield, aka kafa ƙungiyar tarihin 'yan Norwe mazauna Amurka, wadda ake taƙaita sunanta NAHA. Sakatarenta na farko Ole Rølvaag ne, masunci ne daga arewacin Norwe da ya yi ƙaura a 1896 ya zama farfesa kuma marubuci. Editanta Theodore Blegen. Abin da suka lura da shi shi ne tsofaffi na mutuwa, jikoki ba su iya karanta yaren ba, ana share ɗaki ana ƙona takardu. Sai suka shiga roƙon mutane: kada ku ƙona, ku kawo mana. Akwai kuma gidan tarihi na Vesterheim a garin Decorah, jihar Iowa, wanda ya faro a 1877 a kwalejin Luther. Su kayayyaki suka fi tarawa. Akwatunan katako da aka ƙetaro teku da su, an yi musu zanen furanni, an rubuta sunan mai shi da shekara a gaba. A Madison, jihar Wisconsin, akwai cibiyar binciken asali da Gerhard Naeseth ya kafa a 1974. A can gida Norwe kuma akwai babbar ma'adanar ƙasa a Oslo, da gidan tarihin masu ƙaura kusa da garin Hamar, inda aka kwance wasu gidajen katako daga Amurka aka dawo da su aka sake haɗawa. Ku duba wannan: mutum ya tafi bai dawo ba, ɗakinsa ya dawo.

Northfield ɗin na je, cikin hunturu, Allah ya yafe wa wanda ya ba ni shawarar lokacin. Sanyin Jos wasan yara ne. Za ka shiga, a karɓe maka biro a ba ka fensir, a turo maka akwatunan kwali masu ruwan toka, kowanne da lamba. Ka buɗe, ka ga littafin bashin mai kanti, ka ga rajistar baftisma ta wani ƙaramin coci, ka ga takardar jirgi. Akwai wani ɗan jarida, Andrew Rowberg, da ya share shekaru da dama yana yanko sanarwar rasuwa da ta aure daga jaridu da almakashi yana jerawa. Ina jin a lokacin maƙwabtansa sun ɗauka ba shi da aikin yi. Yau masu neman kakanninsu da abin da ya yanka suke farawa.

To, yanzu wasiƙu. Nan ku gyara zama.

Suna da kalma guda a yarensu, Amerikabrev, wato wasiƙar Amurka. Wasiƙar da wanda ya tafi ya aiko gida. Abu na farko da nake so ɗalibai su riƙe, kuma abu ne mai sauƙi amma mutane na mantawa: wasiƙa ba ta zama a hannun wanda ya rubuta ta. A hannun wanda aka aika wa take zama. Saboda haka in kana neman muryar manomin da ya zauna a Wisconsin, ba Wisconsin za ka tona ba, sai ka koma wani ƙauye a cikin duwatsun Norwe, ka buɗe akwatin ƙanwarsa. Shi ya sa Blegen da kansa ya tafi Norwe a 1928 yana bin sawun wasiƙun. Daga baya wani farfesa na Bergen, Orm Øverland, ya fitar da waɗanda ke ma'adanar ƙasa a mujalladi bakwai. Bakwai! Galibinsu na talakawa ne, manoma da 'yan aikin gida da masu saran katako.

Ta yaya talaka ya iya rubutu? Nan ma akwai abin lura. Tun 1736 aka wajabta wa kowane matashi ya ci jarrabawar addini a coci kafin a ɗauke shi baligi, a 1739 aka yi dokar makaranta. Amma karatu aka fi koya musu, don su karanta littafin addini. Rubutu bai dami hukuma ba. Da yawa daga cikinsu kewar gida ce ta koya musu riƙe alƙalami. Kana gani a takardar: babu aya, babu waƙafi, kalma ɗaya a rubuta ta iri uku a shafi ɗaya. Wata da na riƙe da hannuna, mai ita ya cika shafin, ya juya takardar ya bi gefe-gefe, ya zagaye ta kaf, har sai da na riƙa juya ta kamar sitiyari kafin in bi layin. Dalili kuɗin aikawa. Kafin yarjejeniyar gidan waya ta duniya ta fara aiki a 1875, wasiƙa ɗaya kuɗi ce mai nauyi ga ɗan ƙodago. Ba a barin fili fari.

Kuma saboda tsadar, wasiƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. In ta iso, gari ake tarawa a karanta da ƙarfi. A kwafe ta da hannu a aika ƙauye na gaba. Akwai wani Gjert Hovland, ya rubuto a 1835 daga jihar New York, yana yabon ƙasar, yana cewa a can manomi da ma'aikacin hukuma duk ɗaya ne a gaban doka, kuma akwai fili ga mai son aiki. An kwafi wasiƙar nan an sake kwafa, ta zagaye yammacin Norwe, mutane suka fara sayar da shanu. Abin ya kai har bishop na Bergen, Jacob Neumann, ya fitar da takardar gargaɗi a 1837 yana roƙon manoma su zauna a ƙasarsu. Ba su ji ba. Wa zai saurari bishop alhali ga takarda daga hannun wanda kuka yi kiwo tare?

Amma fa, kuma wannan shi ne abin da na fi so a duk laccar nan, wasiƙa tana ƙarya. Ba ƙaryar mugunta ba. Ƙaryar ɗa ga uwarsa. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani a zauren nan ya san abin da nake nufi. Kana kwana a shago, ana tambayarka a waya, ka ce "Lafiya lau Inna, komai na tafiya daidai." (dariya) Na ga wasu na sunkuyar da kai. To haka su ma. Mutum zai lissafa shanunsa da aladunsa da buhunan alkama ɗaya bayan ɗaya, bashin da ke kansa kuwa ba zai taɓa shi ba. Zai je wurin mai hoto ya ɗauka da kwat da agogon aljihu, wataƙila na aro. Wanda abin ya ƙi masa gaba ɗaya, shi ba ya ma rubutawa, kunya ta hana. Sai ma'adana ta cika da muryar waɗanda suka samu, waɗanda suka faɗi kuwa shiru. Mai bincike in bai yi hankali ba sai ya ɗauka kowa ya yi arziki.

Misali, Ole Rynning. Ɗan limamin coci ne, mai ilimi. Ya jagoranci mutane suka zauna a wani wuri mai suna Beaver Creek a Illinois a 1837. Da rani suka ga wurin, fili shimfiɗe, ciyawa kore shar. Ashe fadama ce. Ruwa ya zo ya mamaye, zazzaɓi ya bi su yana ɗauka ɗaya-ɗaya. Yana kwance da ciwon ƙafa ya rubuta ɗan littafi na bayanin Amurka ga masu niyyar zuwa, aka kai Norwe aka buga a 1838. A shekarar shi kansa ya rasu a wurin. Littafin na can yana jawo mutane, mai littafin na cikin ƙasa. Ban ce ya yi ƙarya ba, littafin ma yana da gaskiya da yawa. Ina nuna muku ne cewa takarda tana da ranta daban da na mai ita.

Sannan mata. Malama, na ga kin ɗaga kai, yanzu zan zo kanku. Wasiƙun mata sun fi na maza daɗin karatu, ni dai a ganina, don namiji farashin alkama zai ba ka, mace kuwa za ta gaya maka abin da aka ci da wanda ya yi rashin lafiya da wanda ba a ga maciji da shi. Akwai Gro Svendsen, daga kwarin Hallingdal. Ta yi aure ta bi mijinta a 1862, suka zauna kusa da Estherville a Iowa. Shekara goma sha shida tana rubuta wa iyayenta. An ɗauki mijin soja a yaƙin basasar Amurka, ta rubuta. Gobarar daji ta taso a filin nan da ba itace ba tudu, ta rubuta. Fara ta sauka a shekarun 1870 ta cinye gonaki, ta rubuta. Ku tuna 'yar duwatsun Norwe ce, ba ta taɓa ganin fara ta rufe rana ba. Mu da kakanninmu suka ba mu labarin shekarar fara mun fi jikokinta gane abin da take faɗi. Af, wani abin mamaki, irin farar nan ta Amurka ta ƙare ƙaf a duniya, tun farkon ƙarni na 20 ba a sake ganin ta ba. Su ba su san ana soya ta da yaji ba, da ba ta kai haka ba ma ta ƙare. (dariya) Gro ta haifi 'ya'ya goma, ta rasu a 1878 bayan haihuwar na goman, ba ta kai shekara arba'in ba. Ba ta sake ganin iyayenta ba. Wasiƙar da ta kai labarin, mijin ne ya rubuta. Kana cikin karatu ka saba da muryar mace, ka juya shafi sai ka ji wata murya daban. An fassara wasiƙun zuwa Turanci, NAHA ta buga a 1950.

Ga kuma wata, Guri Endreson, a Minnesota. A watan Agustan 1862 yaƙi ya ɓarke tsakanin mutanen Dakota, 'yan asalin ƙasar, da baƙin da suka zauna musu a fili. Aka kashe mijinta da ɗanta, aka tafi da 'ya'yanta mata biyu, daga baya suka kuɓuta. Yaushe ta rubuta wa 'yan'uwanta a Norwe? Sai 1866. Shekara huɗu. Ta ce ta kasa ne. To ka ga, shekara huɗun nan da babu takarda, su ma labari ne, amma ba za ka same su a akwati ba sai ka iya lissafa tazarar da ke tsakanin wasiƙa da wasiƙa.

Kuma a nan dole in faɗi wani abu, ko da zai ɓata wa masu son labarin jarumtar baƙi rai. Filin nan da aka ce kyauta ne, eka 160, yana da masu shi. An karɓe wa Dakota ƙasa da yarjejeniyoyin da ba a cika ba, an hana su abincin da aka yi musu alkawari har yunwa ta kai su bango. Bayan yaƙin, ranar 26 ga Disamba 1862, aka rataye mutum 38 daga cikinsu a garin Mankato rana ɗaya. Wasiƙar Guri na nan an adana, an fassara, ana koyar da ita. Matar Dakota da aka rataye mijinta fa? Nata labarin a bakin jikokinta ya rayu, kuma an daɗe kafin masu ma'adana su yarda cewa baki ma hujja ne. Yanzu su kansu masu kula da takardun 'yan Norwe suna maganar nan, ba a ɓoye take ba. In ka shiga ma'adana, ka tambayi kanka wa ya tara, don wa, kuma wa aka bari a waje.

Wani gurbin kuma: amsoshin. Wasiƙun da iyaye suka aika daga Norwe zuwa Amurka ba su tsira da yawa kamar waɗancan ba. Dalili, na gida suna zaune a gona ɗaya shekara ɗari biyu, akwatin na nan a rumbu. Na Amurka kuwa yau Wisconsin, gobe Minnesota, jibi Dakota, kowace ƙaura a zubar da kaya. Sai ka zama kamar mai sauraron mutum yana waya, kana jin gefe ɗaya kana cinkar ɗayan.

Shugaba na nuna mini agogo. Minti nawa? Bakwai? Innalillahi. To na uku… a'a, wasiƙun ne na uku ko? To na huɗu, a gurguje.

Jaridu. Ta farko da yarensu a Amurka, Nordlyset, ta fito a 1847 a Wisconsin. Skandinaven ta Chicago ta yi daga 1866 zuwa 1941. Decorah-Posten daga 1874 har 1972, kusan shekara ɗari, har da zanen barkwanci na wasu manoma biyu, Ola da Per, da kullum sabuwar na'ura ke kayar da su. Abin da ya karya yaren, yaƙin duniya na ɗaya yana ciki. A 1918 gwamnan Iowa, William Harding, ya hana magana da kowane yare ban da Turanci a bainar jama'a, a makaranta, a coci, har a wayar tarho. Jamusawa aka nufa, amma in ana dukan jaki ba a tambayar taiki. Iyaye suka daina yi wa yara yaren. Sai aka yi sa'a, wani masanin harshe, Einar Haugen, shi ma ɗan masu ƙaura ne, ya bi ƙauyuka a shekarun 1930 da 1940 yana naɗar muryar tsofaffi, ya fitar da littafinsa a 1953. Ya nuna yadda suka ɗauki kalmomin Turanci suka sa musu rigar yarensu, kamar yadda muka yi wa mota da tebur da makaniki. Faya-fayan na nan, jami'ar Oslo ta ɗora nata a kai.

Na ƙarshe, sunaye, kuma wannan ciwon kai ne. Mutum sunansa Ole, ubansa Ole, sai a ce masa Ole Olsen. Ɗansa Lars zai zama Lars Olsen, jikansa kuma Larsen. Sannan a ƙara sunan gonar da yake zaune, in ya tashi ya koma wata gonar sunan ya canza. Ya isa Amurka, wa ya ɗauki sunan uba, ƙane ya ɗauki sunan gona, na ukun ya juya nasa ya yi kama da Turanci. Uwa ɗaya uba ɗaya, suna uku. Mu da muke da Musa Ibrahim arba'in a aji ɗaya, wani ya ƙara Gwarzo wani ya ƙara Funtuwa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abin da ke ceton mai bincike shi ne rajistar coci, inda limami ke rubuta wanda ya bar gari, da rajistar 'yan sanda ta tashoshin jirgi daga wajen 1867, da littattafan da suke kira bygdebok, tarihin kowace gona da duk wanda ya taɓa zama a cikinta. Da yawa daga rajistocin suna intanet kyauta. Na biyar ɗin… ai shi ke nan na faɗe shi. A yi tambaya.

(Wani dattijo daga sahun gaba:) Allah ya gafarta Malam, mun ji daɗi, Allah ya ƙara basira. Amma ni tambayar abokin nan naka har yanzu tana raina. Mu ina ruwanmu? Akwai abin da ya haɗa mu da mutanen nan, ko dai labari ne mai daɗi kawai?

Baba, na gode, kuma da ma ina fatan wani ya tsokano ni. Akwai haɗi na zahiri guda. A 1925, shekarar da ake kafa NAHA, 'yan mishan na Norwe suka sauka a Ngaundere, a Adamawar Kamaru. Sun daɗe a can, sun yi asibiti da makarantu, sun ɗauki hotuna, sun rubuta rahotanni. Takardun da hotunan suna ma'adanar mishan a Stavanger, garin da jirgin nan ya tashi. Ngaundere kuwa gari ne da Hausawa suka daɗe a cikinsa suna kasuwanci. Saboda haka ɗalibin da ke nazarin Adamawa, akwai ranar da zai buƙaci Stavanger.

Amma Baba, in don ta ni ne, ba wannan ne ya kai ni ba. Kakana bafatake ne, goro yake sarowa daga Kumasi. Yana da adaka ta ƙarfe, ina yaro na sha ganin ta a ƙarƙashin gadonsa, cike da takardu da ajami, wasu daga 'yan'uwansa da suka zauna a zango ba su dawo ba, ɗaya ma an ce daga Sudan ta zo, daga wani da ya tafi hajji a ƙasa ya tsaya a hanya. Da ya rasu aka raba gado, aka raba riguna da buta da darduma. Takardun ba wanda ya ce nasa ne. Na dawo hutu daga makaranta na tambaya, aka ce gara ta ci rabi, sauran kuma an ga akwai sunan Allah a ciki, sai aka ƙona don kada a taka. Da kyakkyawar niyya aka yi, ban zargi kowa ba. Ina zaune a Northfield riƙe da wasiƙar wani manomi da ban haɗa komai da shi ba, adakar nan kawai nake gani.

Kuma ba wai ba mu da al'adar ba. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Bakano ne da ya zauna a ƙasar Gana ya rasu a 1934, har littafi ya rubuta na koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Ba a rubuta irin wannan littafi sai in akwai masu aikawa. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin kogin Nilu suka kafa garin Mai Wurno, jikokinsu na can. Muna da Gidan Arewa a Kaduna, muna da ma'adanar ƙasa a Kaduna ɗin, amma galibin abin da ke ciki na sarakuna ne da malamai da Turawan mulki. Na fatake da 'yan ci-rani da matan da aka kai aure nesa, yana cikin adaka in bai riga ya tafi ba. Har kaset-kaset ɗin nan da mutanenmu na Makka da Jidda suke naɗowa a aiko da su hannun alhazai, a taru a tsakar gida a saurara, a yi kuka, a juya kaset a naɗa amsa a kansa. Kun ji? A kansa ake naɗa amsar. Wato mu gefe ɗayan ma da hannunmu muka goge. Wa ke da irin kaset ɗin a gida? Ɗaga hannu. Ɗaya, biyu… Hajiya, har guda nawa? To don Allah kada ki tafi, ki jira ni a bakin ƙofa, ina da rediyon da ke cin kaset a ofis.

Shugaba ya miƙe tsaye, kuma na ji an fara kiran salla. Yarinyar da ta ɗaga hannu a baya, ki same ni bayan an idar.

(Nan faifan ya ƙare.)